Baba Mai Alli da Ƙafar Rahamatu

Ƙafar Rahamatu ta motsa. Motsin ba mai yawa ba ne. Tsokar da ke gaban ƙwaurinta na dama ta ɗan harba a ƙarƙashin fata, tafin ƙafar ya ɗago kamar faɗin yatsa, ya koma. Wannan ya faru ranar Talatar da ta wuce, a ɗakin gashi, wato gashin ƙashi, na wani ƙaramin asibiti da ke Sabon Gari, Keffi, a makon da Malam Ezekiyel Dogara ke ajiye aiki bayan fiye da shekara talatin yana riƙe da ɗakin.

Sista Huraira, nas ɗin da ke wurin, ta ce ita kabbara ta yi, mijin matar kuma ya miƙe tsaye. Malam Ezekiyel kalma ɗaya ya furta: "Sake."

Mutanen Keffi da yawa ba su san sunansa ba. Baba Mai Alli suka sani. Kullum da safe a ƙafa yake tahowa daga gida, da guntayen alli a aljihun rigarsa. Ɗakin nasa ba shi da kaya masu yawa: gado mai katifar leda, sandunan ƙarfe biyu na koyon tafiya, ƙananan buhunan yashi da matarsa ta ɗinka, sai hoton jikin mutum ba fata a bango, wanda ya koɗe har jan ya koma ruwan ƙasa. Masu jiransa a benci kusan iri ɗaya ne kowace rana: dattawa masu shanyewar ɓarin jiki, 'yan acaɓa da aka cire wa filasta, matan da ciwon baya ya hana su sunkuyo.

Jikin mutum na da tsoka fiye da ɗari shida. Malam Ezekiyel ya koyi sunayen manyan cikinsu a makaranta, kuma da waɗannan sunaye yake magana da likitoci. Da marasa lafiya kuwa, kowace tsoka da aikinta yake kiranta. Ta bayan damtse, wadda ke miƙe hannu, ita ce tsokar daka. Na sangalin hannu, masu matse yatsu, su ne tsokar tatsa. Wadda ta sauko daga ƙeya ta bazu kan kafaɗa ita ce tsokar ƙwarya. Babbar nan ta gaban cinya kuma, shi da yake dattijo ne a cocinsu, tsokar tashi daga sujada yake ce mata, domin ya lura cewa tsofaffin da ke zuwa wurinsa abin da suka fi tambaya shi ne yaushe za su daina salla a zaune.

Darasinsa na farko ba ya canzawa. Tsoka ja kawai take yi, ba ta iya turi, shi ya sa kowace ke da abokiyar aiki a ɗaya gefen ƙashi. Idan ta gaban damtse ta lanƙwasa hannu, ta baya ce za ta miƙe shi. Yakan zana su da alli a jikin mara lafiya, ko a nasa jikin, har sai mutum ya taɓa ya ji da yatsunsa.

Amma ba a ɗakin gashi ya samo sunan ba. Shekaru da dama da suka wuce ya lura yara da mata suna zuwa suna jan ƙafa ɗaya, kuma labarin kusan ɗaya ne: zazzaɓi, allura a mazauni, daga nan ƙafa ta saki. A ƙarƙashin babbar tsokar mazauni akwai jijiya mai kauri da ke kai saƙo har yatsun ƙafa. Allurar da ta yi ƙasa ko ta yi ciki tana iya samunta. Sai ya fara zagaya shagunan magani ranar Asabar, ba wanda ya aike shi.

Malam Mahfuz, mai kemis a Tudun Ƙofa, ya tuna zuwansa na farko. "Ya shigo, muka gaisa, sai kawai ya juya mini baya. Ya ciro alli ya ja layi a tsaye a bayan wandonsa, ya ja wani a kwance. Na ce, Baba lafiya? Ya ce gida huɗu ke nan, na sama ta waje shi kaɗai ne naka, sauran ukun ba ruwanka da su. Ƙaramin yaro kuwa a gefen cinya ake yi masa. Kuma in ƙwaya za ta yi aiki, ka ajiye allurar, in ba za ta yi ba ka tura asibiti. Yara suka bi shi suna dariya har bakin titi, wando duk alli. Ko kakkaɓewa bai yi ba, wai zai shiga shago na gaba."

Shagon da aka yi wa Rahamatu allura ba ya cikin waɗanda ya taɓa kaiwa. Ita matar makiyayi ce daga wata ruga kusa da Gitata. Nono take kawowa Keffi, ta sauka daga mota ta zagaya gidajen Tudun Ƙofa da ƙwarya a ka. A bara da damina zazzaɓi ya kama ta, ta shiga wani shago a ƙauye. Mai shagon namiji ne, baƙo a wurinta. Kunya ta hana ta sassauta zane, shi ma kunya ta sa ya kawar da kai, ya soka allurar ta kan zanen ba tare da ya ga inda yake sokawa ba. Ta ce ji ta yi kamar an zuba mata wuta daga ƙugu har dunduniya. Kafin gari ya waye tafin ƙafar ya saki. In ta ɗaga ƙafa yatsu sai su ja ƙasa. Mai tuntuɓe a kowane taku ba ta ɗaukar ƙwaryar nono. Ƙanwar mijinta ce ta karɓi gidajen da take kai wa.

An gwada tsaga, an gwada shafe-shafe, kafin mijinta, Ɓoɗejo, ya kawo ta Keffi. A ranar farko aka kusa rabuwa. Sista Huraira ce ta ba da labarin.

"Likita," in ji Ɓoɗejo, "mu a wurinmu namiji ba ya riƙe ƙafar matar wani."

"Ni ba likita ba ne," in ji Malam Ezekiyel. "Kuma ka hutar da ni. Kawo taka, Arɗo."

"Tawa lafiyarta lau."

"Shi ya sa nake son ta. Ɗage wandon." Da ya ɗage, Malam Ezekiyel ya dubi ƙwaurin ya girgiza kai. "Wannan ai allina ya fi shi kauri."

"Da shi na kai shanu har Lafiya na dawo. Naka mai ƙibar nan ina ya taɓa zuwa?"

A kan wannan siririn ƙwauri ya zana tsokar gaba, mai ɗaga tafin ƙafa, ya juya shi ya zana sha-raɓa, mai jan dunduniya ta hanyar agara. Ya ce ta gaban a jikin Rahamatu ba ta mutu ba, saƙo ne ba ya isa gare ta, kuma jijiya tana iya farfaɗowa a hankali. Haɗarin yana baya. Sha-raɓa tana ja ita kaɗai, ba mai mayar mata. In aka bar ta, agara zai gajarce, ƙafar ta ƙage a haka, ko da jijiyar ta warke daga baya.

Ɓoɗejo ya ce, "Kamar shanun noma ne. Ɗaya ya kwanta, ɗayan ya ja garma ta karkace."

"To kai ne za ka riƙe wurin wanda ya kwanta, har ya tashi."

Haka aka yi. Malam Ezekiyel bai taɓa ƙafar Rahamatu ba ko sau ɗaya. A ƙafar mijin yake nunawa, mijin ya yi wa matarsa, Sista Huraira ta duba ko hannun ya zauna daidai. Safe da yamma a ruga Ɓoɗejo yana tallafe dunduniya, yana tura tafin ƙafar sama a hankali. Wani mai gyaran takalmi a Sabon Gari ya haɗa mata ɗamara da robar cikin taya, wadda ke riƙe yatsu kada su ja ƙasa. Agara bai gajarce ba.

"Baba," in ji Rahamatu wata rana, "tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa sanin ina da ƙafa ba, sai da ka zana masa."

Ta kuma sha tambayarsa ko za ta sake ɗaukar ƙwarya. Amsarsa ɗaya ce: "'Yata, ban sani ba tukuna." Sista Huraira ta ce a duk zamansu ba ta taɓa jin ya yi wa mara lafiya alkawarin abin da bai gani ba.

Malam Ezekiyel, kai ne ka mayar da wandonka allo don kada yaron wani ya gurgunce. Kai ne ka ji sharaɗin makiyayi ba ka yi fushi ba, ka mayar da shi ma'aikacinka. Yaran da allura ba ta taɓa jijiyarsu ba saboda zagayenka na Asabar ba su san ka ba, kuma ba za su zo yi maka godiya ba. A madadinsu muke yi. Mun gode, Baba Mai Alli. Allah ya ba ka hutu cikin lafiya.

Ga masu shagunan magani daga Keffi har Gitata, layi biyun nan ba su da wuyar koyo, kuma wanda ya iya ya koya wa maƙwabcinsa. Ga matasan da ke karatun aikin lafiya, abin koyi a nan shi ne mutum ya san tsoka da sunanta na littafi, ya kuma san aikin da take yi wa mai ita.

Ranar Juma'a aka yi masa ɗan taron sallama a harabar asibitin. Ya miƙa wa Sista Huraira makullin ɗakin da ragowar allinsa. Har zuwa lokacin rubuta wannan ba a samu wanda zai gaje shi ba, ita kuma tana da nata aikin a ɗakin mata. Ya ce wa Ɓoɗejo su riƙa zuwa gidansa kowace Talata, akwai baranda.

Game da ƙafar, ya ce motsin ranar Talata ya nuna saƙo ya fara isa, amma ba wanda zai iya cewa ko zai kai ƙarfin da mace ke bukata ta taka da kaya a ka. Kafin a rufe ɗakin, Rahamatu ta roƙi a bar ta ta gwada. Ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta bi tsakanin sandunan ƙarfen nan biyu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, hannu ɗaya a kan sanda, mijinta na biye. Ba ta yi tuntuɓe ba. Robar tana ɗaure a ƙafarta, kuma babu nono a cikin ƙwaryar.