Tsagar da ke Ƙarƙashin Zaren Bubayero

Bubayero na Toranke ya rasu ranar Talata, sha shida ga Nuwamba, 2021. Waɗanda suka yi masa salla sun san shi da noman gyaɗa da kiwon tumaki. Kaɗan daga cikinsu ne suka san cewa a duk ƙasar Gaya da Ajingi babu wanda ya kai shi sanin wasan golf, wanda 'yan rediyo ke kira ƙwallon lambu. Ni ne ɗalibinsa na ƙarshe, kuma ni ne na cuce shi. Sunana Kolo, tsohon hedimasta, ina zaune a Gaya. Na ga ya kamata a rubuta labarinsa tun ina iya riƙe alƙalami, kuma a rubuta shi da laifina a ciki.

Bai san shekarar haihuwarsa ba. Da na auna abubuwan da yake tunawa, na sa ta a 1947. Yana saurayi ya tafi cin rani Kano, ya zauna wajen wani baduku shekara biyu, ya koyi basilla da zare da kakin zuma. Daga nan ya sami aikin lebura a filin golf. A can ba ciyawa ake shukawa a bakin ramin da ake jefa ƙwallo ba, yashi ake tankaɗewa a cakuɗa da baƙin mai a daddaɓe, aikinsa kuwa shi ne ya ja buhu a kai ya shafe sawun duk wanda ya wuce. Wata rana zaren da ke wuyan sandar wani likita ɗan Indiya ya warware. Sandunan lokacin masu kan katako ne, kuma zare ake naɗawa a inda katakon ya haɗu da ƙarfe don kada ya tsage. Bubayero ya karɓa ya naɗe shi irin naɗin dukawa. Tun daga ranar ya ajiye buhu ya zama mai gyaran sanda, ya yi shekara talatin da uku yana yi. Da likitan zai koma ƙasarsu ya bar masa sandar.

Da ya dawo Toranke, ya taho da ita da wasu na ƙarfe guda biyar a cikin jakar fata da ya ɗinka da kansa. Kowace shekara, idan an cire gyaɗa, shanu sun gama kiwon abin da ya rage, sai ya haƙa rami uku a gonarsa, ya binne gwangwanin tumatir a kowanne, ya kafa kara da tsumma a kai. Yashi yake kawowa daga rafi ya tankaɗe, amma ba ya zuba baƙin mai. Ya ce ƙasar da za ta ba shi gyaɗa ba zai shayar da ita man inji ba. Ruwa yake yayyafawa. Filin yana tsayawa daga farkon sanyi har lokacin kai taki gona, sannan ya tone gwangwanayensa ya ajiye.

Ni kuwa a makarantar mishan na yi karatu, domin mahaifina aikin reluwe ya kai shi kudancin Kaduna. A can aka koya mana cewa abin da aka buga a littafi ya fi abin da aka faɗa da baki. Shugaban makarantarmu yakan buga golf shi kaɗai da yamma a bayan coci, muna leƙensa ta taga. Da zan bar makarantar ya ba ni littafin koyon wasan, wanda aka buga a Ingila. Shekara hamsin ina karanta shi, na haddace shi kamar jadawalin lissafi, ban taɓa riƙe sandar ba.

A Disambar 2012 na je gaisuwar mutuwa Toranke a kan babur ɗina, na hangi wani dattijo siriri a tsakiyar gona yana lilo da sanda. Na tsaya na kalle shi ya buga sau biyu. Sai halin malanta ya motsa.

"Sannu da aiki. Ƙafarka ta hagu ta yi gaba da yawa. Littafi bai ce haka ba."

Ya matso ya dubi zanen Barebari da ke fuskata, ya yi murmushin Bafulatanin da ya ga abokin wasa.

"Ashe bawana ne. Sauko, Babarbare, ka nuna wa ubangidanka abin da littafi ya ce."

Na sauko. Sau uku na kai duka, sau uku na tono ƙasa, ƙwallo tana zaune inda take.

"Ajiye haka," in ji shi. "Ka dawo da damina ka yi mini huɗa. Ka fi shanuna sauri."

Asabar ta zagayo na koma, na kuma ci gaba da komawa sanyi huɗu a jere. Muna farawa da hantsi ya ɗan ɗaga, kowa da rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga, har sai da ya hana ni babbar rigar domin tana kama gwiwar hannu. Abubuwan da ya koya mini babu ko ɗaya a littafina. Ƙwallo idan ta yi sanyi ba ta tafiya da nisa, saboda haka yakan sa ɗaya a hammata ya riƙa musanyawa. Robar mariƙi tana ƙandarewa da sanyi ta yi santsi, sai ya cire ta ya naɗa jan fatar akuya. Idan na buga ba daidai ba, zafin yakan bi ƙarfen ya shiga yatsuna kamar an sa mini rula, ya ce wannan shi ne malamin da ya fi shi. Ba ya son dogon bayani. Yakan tsaya a bayana ya ce, "Kanka a ƙasa, Hedimasta. Ƙwallon ba 'yar makaranta ba ce, ba sai ka bi ta da ido ba za ta je."

Har lokacin mutanen Kano ba su manta da shi ba. Abdulsalam, direban bas da ke jigila tsakanin Ajingi da Kano, yakan kawo masa sanduna a naɗe cikin buhu, wasu don a sa musu fata, wasu tsofaffin na katako da mutane suka gada daga iyayensu. Bubayero yakan zauna a ƙofar gida ya ja zare ta cikin kaki, ya riƙe bakinsa da haƙori, ya naɗa layi bayan layi har ba ka iya sa farce a tsakani. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma yakan faɗe shi a fili: ɗaurinsa bai taɓa saki ba.

Sandar likita ba ya barin kowa ya taɓa. Duk Juma'a yakan shafe katakon da man gyaɗa ya naɗe shi a tsumma. A Disambar 2016 ya sake mata sabon zare, sannan ya yi abin da ban zata ba. Ya miƙo mini ita.

"Tafi da ita mako guda ka saba da nauyinta. Mai kawai take so. Kada ta ga wuta, kada ta ga rana."

A ranar mun yi wasa a gefen fadama, raɓa ta jiƙa tsumman. Da na isa Gaya na buɗe littafina, shafi na tamanin da huɗu, inda aka yi maganar kula da sanda lokacin sanyi. An ce a busar da ita sarai, a ajiye ta a ɗaki mai ɗumi. Ban tsaya na yi tunanin cewa sanyin masu littafin na ruwa ne, namu kuwa busasshe ne mai tsaga leɓe da dunduniya ba. Abin da na tuna shi ne Bubayero bai taɓa shiga aji ba. Na jingina sandar kusa da kaskon wuta da nake jin ɗumi da shi da safe. Kwana uku ina yin haka. Ranar Laraba, sha huɗu ga wata, ina shan shayi na ji wata 'yar ƙara, ƙas. Na ɗauka na duba da gilashina. Tsaga siririya kamar gashi ta leƙo daga ƙarƙashin zaren.

Na ɗauko man goge takalmi mai ruwan ƙasa na cike ta, na goge, na bi da man gyaɗa a kai. Na yi aikin da tsafta, kamar yadda aka koya mini yin komai.

Ranar Asabar na mayar masa. Ya jinjina ta a hannu, ya ce bari ya nuna mini yadda ake yi. Ya ɗaga, ya sauke. Kan sandar ya rabu da ƙarfen ya tashi ya faɗi a gindin gawo, ya fi ƙwallon nisa. Bubayero ya taka a hankali ya ɗauko shi, ya kawo shi dab da idonsa, ya daɗe yana juyawa.

"Tsagar nan tana nan lokacin da na naɗa zaren," ya ce. "Ban gan ta ba."

"Katako ne, Buba. Ya tsufa."

"Katakon da ake ba mai ba ya tsufa. Idon ne, Hedimasta. Tun bara nake ganin dishi-dishi ina ƙaryata kaina. Wanda ba ya ganin tsaga kuwa ba ya taɓa sandar mutane."

Maganar tana bakina. Shekara talatin da biyar ina tsayar da yara a gaban aji ina cewa wanda ya fasa taga ya ɗaga hannu. Amma na hango yadda zai yi dariya, ya ce bawansa ya gasa masa sanda kamar masara, ya kuma faɗa wa duk wanda ya zo wucewa cewa littafi ne ya sa. Na ce a raina sai mako mai zuwa.

Mako mai zuwa Abdulsalam ya kawo sanduna uku, Bubayero ya ce ya mayar wa masu su, ya gaya musu ya daina. Kafin watan ya ƙare ya kyautar da basillarsa da kakinsa ga wani baduku a kasuwar Ajingi. Da na ga haka sai maganar ta ƙara nauyi, domin yanzu ba sanda kaɗai zan ce na fasa ba. Sanyin da ya biyo baya, rami ɗaya ya haƙa. Yana ganin ƙwallo, yana ganin tsumman kan kara daga taku ɗari, ni na san yana gani, amma ya daina yarda da idonsa. Na ci gaba da zuwa, ina kai masa goro, muna tsokanar juna. Daga baya idon ya tafi da gaske. Likitoci a Kano suka ce jijiyar ce, babu aikin da za a yi.

A Janairun 2019 na same shi a ƙofar gida yana shan hantsi, yana ɓarar gyaɗa da lalube. 'Yarsa Hindatu, wadda ke kula da shi tun rasuwar matarsa, ta kawo mana kunu. Ya ce ta ɗauko masa abin da ke ƙarƙashin gado. Ta fito da ƙarfen da kan katakon a cikin tsummansu. Ya lalubo hannuna ya ɗora mini.

"Riƙe wannan ka tuna da ni. Shi ne aikina na ƙarshe, shi ne kuma wanda na ɓata."

A nan na faɗa masa. Na faɗi shafin, da kaskon, da man takalmin. Hindatu ta tashi za ta shiga gida, ya ce ta zauna ta ji.

"Kwana nawa a bakin wutar?"

"Uku."

"Nisan me?"

"Kamu biyu. Ko bai kai ba."

"Ranar da na ba ka, babu tsaga?"

"Babu. Na duba ta ko'ina a daidai inda nake zaune yanzu."

Ya ce alhamdu lillahi, a hankali, sau biyu. Fuskarsa ta saki kamar wanda aka sauke wa kaya. Sannan ya juyo da fuskarsa wajena.

"Sanyi biyu, Kolo," ya ce. "A sanyi biyun nan ina gani."

Bai taɓa kirana da sunana ba sai ranar. Sannan ya ci gaba.

"Na yafe maka, don kada mu tsaya a kanta gobe kiyama. Amma abu biyu za ka yi. Sandar kai za ka ɗaure ta. Mutanen Kano kuma kai za ka gaya musu."

Na sayi zare da kaki da gam. Kowace Asabar nakan zauna kusa da shi in naɗa, shi kuma ya bi da babban yatsansa ya ce, "Warware." Sau goma sha ɗaya na warware, na rubuta kowanne a kundina. Tsokanar ta dawo a hankali, ko da yake ba kamar da ba. A na goma sha biyu ya shafa ya shafa, ya ce, "Akwai tudu nan da nan. Aikin Babarbare ke nan. Bar shi haka, amma kada ka buga da ita."

Abu na biyun ne ban iya cikawa ba. Na bi Abdulsalam Kano da sunayen mutum bakwai. Uku sun rasu, biyu sun bar gari. Ɗaya ya saurare ni cikin ladabi, amma na ga bai tuna wanda nake magana a kansa ba. Na ƙarshen ne kaɗai ya ce, "Ai na yi mamaki da aka ce ya daina." Da na koma Toranke na faɗa wa Bubayero haka, ya sa na maimaita masa kalmomin sau biyu.

Sandar tana ƙarƙashin gadona, a kusurwar da ta fi nisa da kasko, ina shafa mata man gyaɗa duk Juma'a. Gonar Toranke kuwa magadansa na noma ta, ba wanda ke binne gwangwani a cikinta. Tun da mutum ɗaya kaɗai na iya isar wa saƙon da baki, ga shi na sa shi a rubuce, inda irina suka fi yarda da magana: ɗaurin Bubayero bai taɓa saki ba. Ni na kai sandar bakin wuta.