Damina Kaɗai Ban Kushe Ba

Duk wanda zai zo Arlit daga ƙauyenmu ni yake fara kira. Ba wani muƙami gare ni ba, na dai daɗe a garin, kuma a tasha nake aiki, ina rubuta sunayen fasinjoji. Tambayarsu ɗaya ce kullum: yaushe ya fi kyau a zo? Ni ma amsata ba ta sauyawa. Ka zo bayan kaka, kafin sanyi ya kankama. In ka bari ya shiga, to ka taho da bargo biyu, don ruwan buta da asuba sai ya sa ka fara tunanin taimama. In kuwa bazara ce, yi zamanka a gida. Iskar kamar daga bakin murhu take fitowa, ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa da tsakar rana, ruwan famfo ma sai ka tara shi ya huce kafin ka yi wanka. Wasu su ji, wasu su ce ai su a gona suka tashi, rana ba baƙuwarsu ba ce. Irin waɗannan su nake tararwa bayan kwana biyu kwance a gindin bango, da jiƙaƙƙen rawani a ka, cika baki ya ƙare.

Kowa gaskiya nake faɗa masa. Mutum ɗaya na yi wa wasa da hankali, shi ne mahaifina.

Shekarar da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan, aikina ya tafi tare da shi. Na bar gidan ma'aikata mai ɗaki uku da bishiya a tsakar gida, na kama ɗaki ɗaya a bakin gari. Matata ta kwashi yara ta koma Maraɗi wajen iyayenta, wai kafin al'amura su daidaita. Ba su daidaita ba. Abin da ya rage mini katifa ce, da tabarma, da ɗan murhun shayi, da wata tsohuwar fanka da ta fi ni surutu. Na saba dafa shayi in zuba kofi ɗaya. Akwai ranar Juma'ar da na dawo daga masallaci na lura tun safe ban yi magana da kowa ba in ban da sallama. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai a shekarun nan, amma kunya ta fi shi cina. Baba ya san na sauya aiki, sauran kuwa ban taɓa gaya masa ba.

Shi manomi ne a wani ƙauye kusa da Tasawa, bai taɓa wuce Damagaram ba. Ni ne ɗansa na fari, don haka ba ya kama sunana, sai dai ya ce “kai wannan”. Bayan rasuwar mahaifiyarmu sai ya tsiro da maganar yana son zuwa ya ga garin da ya cinye masa ɗa. Haka yake faɗa, yana dariya.

Da bazara ba na shan wahala, sai in ce, “Baba, zafin nan ba na tsoho ba ne.” Da sanyi in ce ƙirjinsa ba zai ɗauka ba. Bayan kaka, lokacin da nake ce wa kowa ya zo, nan nake ƙarya tsagwaronta: bana sanyi ya shigo da wuri, ko kuma bana zafi ya ƙi tafiya, a ɗan jira. Sai ya ce, “To, Allah shi kai mu.” Shekara uku muna haka. Damina kuwa ban taɓa ɓata bakina a kanta ba. Wa ya taɓa ganin manomi ya bar gona hatsi na tasowa ya hau mota? Na san Baba ko ɗaurin aure ne a ƙauyen gaba sai ya auna ya ga bai ci masa noma ba. Don haka da damina hankalina kwance yake. Ya ce, “Ya ruwa?” in ce, “Ruwa ya yi gyara,” kamar yadda ake amsawa a gida, ko da kuwa rabon garin da ɗigo ɗaya an kusa shekara.

Wata ranar Talata cikin watan Agusta, bayan la'asar, motar Agadas ta iso. Ina zaune a teburina ina kallon masu sauka, sun yi futu-futu, kowa na miƙe ƙafa. Can a ƙarshe wani tsoho ya sauko a hankali, hannunsa ɗaya a kafaɗar wani fasinja, ɗayan riƙe da ƙaramin buhu. Hular na fara ganewa. Na tashi zumbur har kujera ta kife. Na je na tsaya a gabansa, kusa ƙwarai, amma ya ci gaba da juya kai yana sauraron hayaniyar tasha. Idanunsa duka biyu yanar ido ta rufe su, sun yi fari.

“Baba,” na ce.

“Yauwa, kai wannan. Ka ga na zaka.”

“Wa ka bar wa gona?”

“Ƙannenka. Bana hatsi nika sarewa in bar ciyawa, sai suka amshe hauyar.” Ya laluba ya kama hannuna. “Na yi lissahi. Bazara ka kushe ta, ɗari ka kushe shi, kaka ma ba ka bar ta ba. Damana ɗai ba ka taɓa kushewa ba, shi ya sa na taho cikinta.”

Na karɓi buhun, muka kama hanya, yana riƙe da gwiwar hannuna. Shekara uku ina ɓoye ɗakin nan don kada ya gani, yau ga shi ina ja masa gora zuwa cikinsa, kuma ba abin da zai gani. Da muka shiga ya bi bango da tafin hannu, taku huɗu ya kai ƙarshe, ya juyo, ƙafarsa ta taɓa katifa, ya zauna.

“Ina ɗiyan?”

“Suna Maraɗi.”

“Na sani,” ya ce. “Tun bara waccan na sani. Duk kiran da kaka yi, ban taɓa jin kukan yaro ko motsin tukunya bayanka ba. Ido ya tahi, kunne na nan.”

Na fita wai zan hura gawayi, na tsaya a bayan ɗaki na yi kuka kamar ba mai furfura ba.

Kwana goma ya yi. Kullum da yamma sai in shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki, ya fuskanci gabas, ya ce in faɗa masa abin da sama ke ciki. Sai in faɗa. Ga hadari can ya haɗu a kan duwatsun Azbin, baƙi ƙirin, har da walƙiya. Ya shaƙi iska ya ce wannan ruwa ne, a shigar da kaya. In ce, “Baba, nan ba gida ba ne.” Hadarin Arlit haka yake, ya taso kamar da gaske, ya sa mutum gudu, sannan ya watse. Ruwan can cikin duwatsu yake zuba, mu sai dai mu ji labarin korama ta cika ta tare hanya, motoci sun yini a bakinta. Sau huɗu yana cewa ruwa ne, sau huɗu sama na ba shi kunya. Ya ce bai taɓa ganin gari marar alkawari irin wannan ba, ba mamaki na koyi hali.

Rana ta bakwai aka yi ruwan. Bai fi a sha shayi zagaye biyu ba ya ɗauke, amma ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka cika titi da ihu. Baba ya sa na kai shi gindin bango inda nake alwala. Ya durƙusa ya tona ƙasa da yatsu, yadda ake yi a gida don a ga ko laima ta isa shuka. Ko gaɓa biyu bai kai ba ya tarar da busasshen rairayi. Duk da haka ya sa hannu a aljihu ya ciro ɗan ƙullin tsumma, irin gero ne. Ya yi rami uku, ya zuba, ya rufe da diddige.

“Ba zai yi ba, Baba.”

“Ni za ka gaya ma? Na san ba ya yi. Amma ka samu abin dubawa da sahe in ka hito.”

Sannan ya miƙo hannu ya shafa fuskata, tun daga goshi har gemu, a hankali. Ya ce an gaya masa na yi furfura, ya so ya gani da idonsa. Ya ce da ya zo shekarar farko da ya gani, don a lokacin ido ɗaya na aiki sarai. Bai faɗa da faɗa ba, kuma bai sake tayar da maganar ba. Da ma ya zage ni, da ya fi mini sauƙi.

Ranar komawarsa ni na rubuta sunansa a takardar fasinjoji, na damƙa shi a hannun wani ɗan garinmu. Ya leƙo ta taga ba daidai inda nake ba, ya ce, “To malamin yanayi, yaushe ya hi kyau in komo?”

“Kowane lokaci, Baba.”

Ya yi dariya, mota ta tashi.

Geron ya tsiro, ramuka biyu cikin uku. Da ruwan alwala na raine shi, kuma gaskiyar Baba, kullum da safe shi nake fara dubawa, har nakan ce masa ina kwana in ba kowa kusa. Ya kai mini gwiwa, sai zafin da ke biyo bayan damina ya sauko, ganyen ya naɗe, cikin mako guda ya zama kara. Da Baba ya kira ya ce, “Ya hatsina?” ƙarya ta zo mini har bakin leɓe, don na saba. Na haɗiye ta.

“Ya bushe, Baba.”

Ya ce, “To ka zaka ka ɗauki wani iri. Mu nan ba mu da lokacin da ba a zuwa.”

Washegari na buɗe takardar motar kudu, layin farko ba kowa. Na rubuta sunana.