Shekarar da Aka So Karɓe Usur ɗin Maigidana

Maigidana direban tasi ne, amma in ka tare shi a wancan zamanin ka tambaye shi sana'arsa, sai ya ɗan yi jim kafin ya ce tuƙi. Abin da ke ransa daban ne. Shi ne mai horar da 'yan ƙwallon unguwarmu ta Ƙurban, mudarrib kamar yadda samarin ke kiransa. Yana da wani usur na ƙarfe da yake ratayawa a wuya cikin riga, ko alwala ya sunkuya yi sai ka ji ya bugi bakin famfo. Na sha gaya masa cewa da usur ɗin nan ya iya girki da tuni an sallame ni.

Wuni yake yi yana jigilar baƙi tsakanin Harami da Uhudu. Da an sallame la'asar sai ya ajiye mota a ƙofar gida, ya nufi wani fegi a bayan gonar dabino, inda aka kafa turakun gola da bututun ruwa. Samarin kuwa ƙannenmu ne da 'ya'yan yayyenmu, jikokin waɗanda suka zo hajji suka zauna, sai wasu 'yan Sudan da 'yan Cadi masu aikin gini da gidan burodi. Ko sisi ba a biyansa. Amma in ya dawo da magariba, ƙura har cikin gira, yana ba ni labarin yadda aka ci wata ƙwallo, fuskar nan tasa sai ta koma ta saurayin da na aura. Ina son ganinsa a haka, shi ya sa nake haƙuri da wankin rigunan.

Kuma ba mai wasa da aikinsa ba ne. Sai an zaga gonar dabinon nan da gudu kafin a taɓa ƙwallo, sai an miƙe jijiyoyi, ya hana shan lemon kwalba kafin wasa. Sannan ya jera su sahu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, “Yaya ƙafar? Yaya gwiwar?” Wanda ya ce da sauƙi, ya shiga fili.

To, wata shekara, wajejen lokacin da talabijin mai launi ya fara shiga gidajenmu, sai rauni ya sako su gaba. Mai tsaron gida ya goce a kafaɗa. Wani ɗan Cadi jijiyar cinyarsa ta tsinke. Kusan duk mako sai an ɗauko wani a kafaɗa daga fili. Na ƙarshe shi ne mai lamba tara, wanda ke ci musu ƙwallaye, idon sawunsa ya kumbura ya yi suntum. Shi kuwa ɗan Baffa ne. Baffa dattijo ne mai shagon carbi da dadduma kusa da Harami, shi ya saya wa ƙungiyar riguna, don haka muryarsa ta fi ta kowa kauri.

Ni dai abin bai ba ni mamaki ba. Mu mata da hantsi muke haɗuwa shan shayi, yau gidan wannan gobe gidan waccan, kuma a nan ake jin komai. Wannan ta ce kwana uku ke nan tana yi wa nata gashi da ruwan zafi, waccan ta zo aron man zafi. Yaron da uwarsa ta gama gasa wa gwiwa da safe, shi ne zai tsaya gaban maigidana da yamma ya ce da sauƙi. Na gaya masa ba sau ɗaya ba, sai ya ce, “Haba ke kuwa, ni da bakinsa ya ce min ya warke. Namiji zai yi ƙarya a kan ƙafarsa?” Na ce masa ai ba ƙarya ba ce, ladabi ne. Wa ya taɓa jin ɗan Bahaushe, babba ya tambaye shi jiki, ya buɗe baki ya ce da ciwo? Ko waɗanda Hausar ta kuɓuce wa baki, da Larabci suke mayar masa da amsar iyayensu. Ya ce in bar maganar ƙwallo ga masu ƙwallo.

Ranar wata Juma'a dattawa suka taru a falonmu don a san wanda za a ɗora wa laifi. Ina bayan ƙofa ina miƙa shayi da dabino, kunnena kuwa gaba ɗaya yana ciki. Baffa ya zo da ɗansa a matsayin shaida, aka zaunar da shi da ƙafa naɗe da bandeji a kan matashi.

“Mun ba ka 'ya'yanmu da ƙafafu bibbiyu,” in ji Baffa, “kana dawo mana da su da ɗaiɗai. Halas, abin ya isa. Akwai wani malamin motsa jiki Bamisire a madarasa, a ba shi usur ɗin.”

Na san in aka raba mutumin nan da filin nan, an rage masa rabin rai. Na ji maigidana ya gyara murya. “Baffa, tunda ni ke riƙe da usur, laifin nawa ne, ba zan ɗora wa kowa ba. Amma wallahi ban taɓa sa yaro a fili ban tambaye shi jikinsa ba.”

“Wace irin tambaya? Kai dai ba ka iya ba ne. Tsaya ka ga yadda ake yi.” Baffa ya juya wajen ɗansa ya daka masa tsawa, “Ya walad! Yaya ƙafar?”

Yaron ya sunkuyar da kai. “Da sauƙi, Abuya. Alhamdu lillahi, ahsan.”

Ga ƙafa nan a gaban kowa kamar an hura ta. Sai wani tsoho ɗan Sudan, mai gidan burodi, wanda ya san Baffa ya yi wata guda yana salla a zaune saboda ciwon baya, ya leƙo ya ce a hankali, “Ya Hajj, kai kuma yaya bayan?”

“Da sauƙi,” in ji Baffa, tun kafin ya ankara.

Wayyo, dariya! Har da masu riƙe ciki. Ni kaina sai da na cusa gefen mayafi a baki, tire yana rawa a hannuna. Baffa ya so ya murtuke fuska, gemunsa ya ƙi ba shi haɗin kai. Amma dariya ba ta goge maganar ba. Aka yanke cewa maigidana zai ci gaba har zuwa wasan da za a yi da samarin Uhudu bayan 'yan makonni, kuma in aka sake ɗauko wani daga fili, ko dattawa suka ga ba a gyara ba, zai miƙa usur.

Da baƙi suka watse ya same ni a kicin ina wanke kofuna. Ya yi ta kame-kame, ya ɗauki cokali ya ajiye. Can ya ce, “Wannan shayin naku na hantsi, gobe a gidan wa za a yi?” Na ce ashe maganar ƙwallo ta dawo wajen marasa ƙwallo. Sai da na ja masa rai sosai kafin na amsa.

Daga nan aiki ya canza. Ya daina tambayar samari, ni nake kawo rahoto tare da abincin rana. Wane ya yi sallar asuba da ƙafa a miƙe. Wane ya hau bene yana dafa bango. Da yamma sai ya nuna yaro ya ce, “Kai, gwiwar hagu, zauna a inuwa sai ta huce.” Yaron ya yi tsuru-tsuru. Har suka fara raɗe-raɗin cewa mudarrib yana da aljanu. Aljanun kuwa muna can muna shan shayi da na'ana'a muna ƙyaƙyata dariya. Iyaye mata da ba su taɓa sanin ko ƙwallo zagayayya ce ba suka koma tambayata ranar wasa. Ban taɓa jin daɗin zaman unguwa kamar na makonnin nan ba, kuma ba a sake ɗauko kowa a kafaɗa ba.

Ranar wasan Uhudu da safe sai ga matar Baffa ta shigo tana waige-waige. Ɗanta mai lamba tara ya cire bandeji tuni, ya koma gudu, kowa ya ɗauka ya warke. Ta riƙe hannuna ta ce, “Ƙanwata, ɗazu na ji ya yi ƙara yana sa takalmi, ya kulle ɗaki da butar ruwan zafi. Amana, kar babansa ya ji daga bakina.”

Da na gaya wa maigidana, abincin ranar nan bai ciwu ba. In ya zaunar da yaron, da wuya su ci wasa, ga Baffa ya gayyato abokansa 'yan kasuwa su zo su ga ɗansa. Kuma ba shi da damar faɗin dalili.

Daga saman benen wata maƙwabciya muka yi kallo, mun yi cincirindo a bayan katanga. Na hango lamba tara zaune a kan bulo ya haɗa kai da gwiwa. Na hango Baffa ya taso yana ɗaga sanda, maigidana ya rusuna masa yana girgiza kai kawai. Samarinmu sun yi iya yinsu, amma 'yan Uhudu suka zura mana biyu, muka rama ɗaya. Kowa ya fita da ƙafafunsa. Maigidana ya shigo gida, ya cire usur daga wuya ya ajiye a kan talabijin. Tausayinsa ya kama ni har na kasa tsokanarsa.

Washegari bayan la'asar aka yi sallama. Baffa ne da ɗansa. Maigidana ya ɗauko usur ya fita, ni kuma na laɓe a taga. Ya miƙa da hannu biyu ya ce, “Ga amanarku, Baffa.”

Baffa bai karɓa ba. “Tun jiya nake tambayar yaron nan, amsa ɗaya yake ba ni. Yau ya ce in kawo shi wajenka, wai yana da magana. To, ga shi nan.”

Yaron ya matso gaban maigidana. Sannan ya ɗago, da 'yar Hausarsa mai karyewa ya ce, “Ya Ammi, kawu, ƙafar nan tana ciwo. Marra, ƙwarai tana ciwo. Ban iya taka ta sosai.”

Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da jin wani yana ciwo ba sai ranar. Maigidana ya rungume yaron, baki har kunne, idonsa ya kawo ruwa. Baffa ya ture hannun da ke riƙe da usur ya ce, “Mayar da abinka wuya, ka tada motar nan. Yalla, asibiti za ka kai mu, ni ma a duba min bayan nan.”