Gwiwar da alƙali bai gani ba

Shekarun baya, lokacin ina sabon malamin firamare a Tambuwal, ƙanena ya kai wasan ƙarshe na gasar kokawa da aka shirya bayan kaka. Wanda ya yi nasara shi zai wakilci yankinmu a Sakkwato. Amma ba tafiyar ce ta fi damun ƙanena ba. Tun da ya fara shiga fage ba a taɓa kada shi ba, kuma a kan haka makaɗinsa ya gina takensa. Faɗuwa ɗaya ta isa ta kashe wannan take.

Abokin karawarsa wani ƙato ne daga Kebbe. Ni kuwa na sha babbar riga, ina ɗaga sabuwar wayata ina ɗaukar bidiyo, rabi don ƙanena, rabi don a ga wayar.

Suka sarƙe, suka daɗe ana ja. Can ƙanena ya sa masa ƙafa, gwiwar mutumin Kebbe ta dunguri ƙasa. A ƙa'ida wasa ya ƙare ke nan. To, a daidai lokacin alƙalin wasa, wani dattijo tsohon ɗan kokawa, ya juya yana korar 'yan kallo da suka matso cikin fage. Ƙanena ya saki jiki don ya san ya gama. Mutumin ya miƙe ya sure shi ya maka da ƙasa. Abin da alƙali ya juyo ya gani ke nan, ya ɗaga hannun ɗan Kebbe.

Na kutsa har teburin shugaban gasa, hulata ma ta faɗi ban tsaya ɗauka ba.

"Ranka shi daɗe, a duba wannan. Ga gwiwa nan ƙasa!"

Bai ko kalli wayar ba. Ya ce, "Malam, mi kaka so? Mu ƙaryata dattijo gaban jama'a saboda waya? Abin da alƙali yag gani shi munka gani."

"Ai bai gani ba! Shina korar mutane!"

"Yi hanƙuri. An riga an ɗaga hannu."

Haƙuri! Raina ya ɓaci. Gaskiya tana tafin hannuna, manyan mutane suna kawar da kai kamar na miƙa musu abin ƙyama.

Ɗan Kebbe ya tafi Sakkwato. Ƙanena ya sake shiga fage sau ɗaya, makaɗi ya ɗaga ganga zai fara takensa, sai wani ya yi ihu daga baya, "Wane take kuma? Ai an kada shi!" Makaɗin ya sauya kiɗa. Daga ranar ƙanena bai ƙara ɗaura warki ba, ya koma gona.

Bayan shekaru na haɗu da alƙalin a wajen wani suna. Na zauna kusa da shi na kunna masa bidiyon. Ya kalla, ya ce a maimaita.

"Awo, gwiwa ta taɓa," in ji shi. "Da an gwada min ran nan, wallahi da na canza."

Wannan maganar ta fi hukuncin yi mini ciwo. Ashe mutumin da aka ce ana kare wa mutunci bai ma nemi a kare shi ba. Ban riƙe shi a zuciya ba, ido biyu gare shi kamar kowa. Waɗanda na riƙe su ne masu ganin cewa sake dubawa raini ne. Duk gasar da faɗuwa ɗaya ke fitar da mutum, ya kamata a ba shi damar cewa a duba. Kunyar dattijo ta yini ɗaya ce, ta ƙanena kuwa har yau ana tuna masa ita a kasuwa.

Da na koma gida na ba ƙanena labari, na miƙa masa wayar, don bai taɓa yarda ya kalli bidiyon ba. Ya ture hannuna.

"Yaya, mi za ni gani? Ni ina wurin."