Moton da Na Ɗaura wa Keken Baba

Shekara arba'in da bakwai Baba ya yi yana taka keken ɗinki guda, baƙi, mai feda, a ɗan shagonsa da ke ƙarƙashin wani bene. Tun daga bakin layi kake jin ƙararsa. Siririn mutum ne marar hayaniya, tef ɗin awo a wuya kullum, har sallah yakan tayar da shi bai sani ba. Ni ce babbar 'yarsa, "Uwata" yake kirana, kuma ma'aikaciyar jinya ce ni. Na faɗi haka ne don a san kuskuren da na tafka ba na jahilci ba ne, na iyayi ne.

Da ya haura saba'in, sai ƙarar keken nan ta fara damuna. Duk lokacin da na ga ƙafafunsa suna sama da ƙasa, sai in ji kamar ana nuna ni da baki: ga 'yarsa a asibiti, ga tsoho yana shan wahala. Wata Asabar na zo da mai gyara, ya cire bel ɗin fatar da ke haɗa feda da kan keke, ya ɗaura ɗan injin lantarki da teloli ke kira moto. Daga ranar, danna shi kawai zai yi da yatsan ƙafa.

"Baba, ka huta haka nan," na ce.

Ya jujjuya bel ɗin a hannunsa, ya sa a durowa. "Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Na koma gida ina jin ni wata ce.

Ba a yi wata huɗu ba ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Tafiyar gida zuwa shago, da yake yi cikin minti goma, ta koma sai ya zauna sau biyu a hanya. Na hana shi gishiri, na yi faɗa, na ƙara faɗa, daga baya na ja shi wurin likita.

"Baba, kana motsa jiki kuwa?" in ji likita.

"Ni? Ina ni ina guje-guje da gajeren wando? A zaune na yi rayuwata."

Likita ya rubuta magani, ya ce zaman ne ke cutar da shi, in kumburin bai sauka nan da wata guda ba, to a rufe shago. Na dubi fuskar Baba. Tun rasuwar Umma, shagon nan ne kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki.

Bayan mako biyu, da safe, na bi shi da maganin da ya manta a gida. A bakin ƙofa na ji wata 'yar ƙara a hankali, ba ta ɗinki ba. Na leƙa. Yana zaune, hannuwa a kan gwiwa, ido a rufe, yana taka feda. Tayar ƙasa tana ta juyawa ita kaɗai, ba bel, allura a tsaye. Da ya gan ni ya janye ƙafafu da sauri, kamar wanda aka kama da hannu a tukunya.

"Baba, me kake yi?"

"Ƙafafun ne ke damuna. In na ɗan taka sai su lafa."

"Ashe ka san abin da suke nema! Me ya hana ka gaya min?"

"Haba Uwata. Ke fa kika sayo moton. Na ga murnarki ranar nan. Da wane baki zan ce ki kwashe?"

Kunya ta rufe ni. Ni da nake wuni ina ce wa tsofaffin mutane su riƙa tafiyar rabin awa, na zo na raba ubana da tafiyar da yake yi tun safe har yamma daga kan kujera, na kuma sa mata suna hutu.

Na jawo durowa. Bel ɗin na nan a naɗe cikin ƙyalle, yana ƙyalli, ashe mai yake shafa masa kar ya bushe. Shi ya mayar da shi jikin keke da kansa. Na ɗauki sukundireba zan kwance moton, sai ya riƙe min hannu.

"Bar shi a wurin."

Kumburin ya sauka a hankali, likita bai sake zancen rufewa ba. Ba wai ya koma saurayi ba ne: yana shan maganinsa, kuma har yanzu yakan zauna sau ɗaya a hanya. Moton yana nan a jikin keke, wayarsa a nannaɗe. Kowace safiya sai ya goge shi da tsumma kafin ya hau feda. In mai kawo ɗinki ya tambaya, me wannan yake yi tunda ba a amfani da shi, sai Baba ya ɗago, tef a wuya, ya ce, "'Yata ce ta saya min."