Neman Madigadin Motar Yaya a Barkiya

Ko da muka bar Dutsin-Ma, mutane ba su gama watsewa daga sallar asuba ba. Ni ne a kan babur, mai gyaran jikin mota na unguwarmu yana bayana. Dalilin tafiyar kuwa, ni na ari motar Yaya, wadda yake lodin fasinja da ita, na je na goga ta da amalanken shanu. Madigadin gaba na dama ya lotse har yana cin taya. Kwana uku motar na ajiye, gida mai mutum tara yana jira.

Mun riga mun karaɗe masu kayan gyara na cikin gari, kowa ya ce ai an daina kawo irin wannan tsohuwar. Shi ya sa muka nufi Kurfi.

Damina ta yi kyau, gero ya fi mutum tsawo, amma ramukan hanya sun cika da ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ka faɗa. Abokin tafiyata kuma duk inda ya hango hayaƙi sai mun tsaya. Ƙosai a nan, gasasshiyar masara a can. Masarar ma tsadarta kamar ba a bayan mai gasawar aka karyo ta ba.

A Kurfi wani ɗan gwangwan ya rantse yana da madigadin. Ya sa muka tone tulin ƙarafa har rigata ta yage, sai ga madigadin hagu. Ya ce, "To ku juya shi mana." Na juya na bar wurin, don bakina ba zai faɗi alheri ba. Wani mai shayi ne ya ce mu gwada Barkiya, akwai wani Alhaji mai irin motar, ta daɗe a kwance.

Hanyar daji ce, sau biyu muna sauka mu tura babur cikin laka. Muka tarar da motar a ƙofar gida bisa duwatsu, ba taya, ba gilashi, kaji sun mai da kujerar baya wurin ƙwai. Amma madigadin dama lafiya lau, kore shar.

Alhajin ya fito, muka gaisa, na faɗi buƙata. Ya ɗaure fuska.

"Mi? Motar da zan tayar bayan kaka?"

Mai gyara ya ɗaga murfin gaba, ba inji. Na roƙa, na haɗa da Allah, ya ƙi. Rana tana yi, kuma kowa ya san ba a yin yamma a wannan hanya. Har na juya babur, sai muryar Hajiyarsa daga bayan zana:

"Alhaji, inji ka sayar, taya ka sayar. Wannan bawan Allah abincin iyali ya fito nema. Ka ba shi mana."

Alhaji ya shafa motar kamar mai sallamar ɗiya. Ya amince, amma sai da muka saurari tarihin duk garin da ta taɓa zuwa, har Maraɗi.

Dawowa ta fi zuwa wuya. Mai gyara ya rungumi madigadin, iska tana kaɗa shi, babur yana tangaɗi, gefen ƙarfen yana sukata a haƙarƙari har gida. Mun shigo Dutsin-Ma ana kiran la'asar, jikina duk laka.

Alhamdu lillahi, ƙarfe ya zauna daram, kowane noti a raminsa. Na ce a yi masa farin fenti ya dace da sauran jikin. Yaya ya ce a bari tukuna, aiki na jira. Cikin mako guda fasinjoji a tasha suka fara tambayar "mai koren kunci", yanzu Yaya ya ce fentin ma an fasa.

Abin da na koyo biyu ne. In za ka nemi abu a gidan dattijo, ka ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji. Sannan ni da aron mota har abada.