Kyanwar Inna da Allura ta Goma

A shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa komai ya yi tsada, har da maganin dabbobi, wanda a da ban ma san ana sayensa ba. A shekarar ne kuma mahaukacin kare ya ciji wani mai sayar da ruwa a unguwarmu, Boutalbagar. Mai unguwa ya aiko cewa duk kare ko kyanwar da ba ta da takardar allura a fitar da ita.

Mu kyanwa gare mu, baƙa, ta mahaifiyata. Idon Inna ya riga ya tafi a lokacin. Kyanwar ke kwanciya a ƙafafunta, ita ke tashinta kafin ladan ya kira. Da na isar mata da saƙon mai unguwa, sai ta ce, "To, a fitar da mu tare."

Kwana uku ina cigiyar likita. Na kasuwar dabbobi shanu da raƙuma suka sani, ɗaya ma dariya ya yi mini. Wani mahauci ne ya kwatanta mini gidan wani tsohon ma'aikacin dabbobi a unguwar Goudji, mutumin kudu, Kirista. Na same shi yana jera magunguna cikin tulun ƙasa, ginin ƙauyen Gaoui, da ƙanƙara, saboda wutar lantarki ba ta zama.

Da Larabci muka yi magana. Ya ce, "Malam, kwalba ɗaya ta dabba goma ce, kuma in an buɗe ta ba ta kwana. Ko ka saye ta duka, ko ka tara mini goma ku raba kuɗin."

Ba ni da ƙarfin sayenta duka. Na ɗauki takarda na bi gida-gida ina rubuta masu dabbobi da ajami. Ni da ke kauce wa kare saboda tufafin salla, ga ni ina sallama a ƙofar masu karnuka. Maƙwabcina, wani ɗan tireda daga Nijar, ya ce, "Malam, allo za a ba su ko sai sun yi wayo?"

Na ce, "Karenka dai ya fi ka sammako, kullum da asuba ina ganinsa a hanyar masallaci."

Ya yi dariya ya ce in rubuta shi.

Ranar da likita ya zo a kan babur, tara suka hallara a ƙofar gidanmu. Mai na goman ya tura karensa ƙauye bai gaya mini ba. An riga an buɗe kwalba. Likita ya yi wa taran, ya buga hatimi a takardunsu, allura ɗaya ta tafi a banza. Na ce kuɗinta a wuyana yake, tunda ni na yi alkawarin goma, amma yau ba ni da shi. Ya ce, "Sai ka samu."

Na kai wa Inna takardar. Ta shafa ta da yatsu, ta sa ƙarƙashin matashi, ta yi wa mutumin addu'a mai tsawo ba ta ko san sunansa ba. Kyanwar ta zauna a ƙafafunta har ƙarshen rayuwarta.

Abin ya zama al'adar unguwa. Kowace shekara bayan damina in tara goma, wani lokaci ashirin, kowa ya biya kasonsa. Duk sanda na miƙa wa likita tsohon kuɗinsa sai ya tada babur ya ce, "Bari sai baɗi."

Haka muka yi ta yi har Allah ya nufe ni da aikin hajji, tafiyar da kakana ya faro da ƙafa daga ƙasar Hausa, guzuri ya ƙare masa a nan. Ba a kama wannan hanya da haƙƙin wani a ka. Na je Goudji na same shi ya tsufa, hannunsa na rawa, ya daina allura. Na gaya masa dalili, na ce yau babu baɗi.

Ya dube ni ya ce, "Farashin wancan lokaci ko na bana?"

"Wanda ka yanke, likita."

"Na wancan lokaci. Ba na so ka je ka kai ƙarata can."

Na ƙirga masa a tafin hannu. Ya sa a aljihu, ya ce, "Kalas, shi ke nan, ba na binka komai. Allah ya kai ka lafiya." Sannan ya jawo mini kujera ya ɗora shayi.